Shin Sabon Shafinka Ya Cancanci Shiga Wikipedia? Ga Yadda Ake Aunawa

Matasa da yawa da zarar sun buɗe shafin intanet, sai su garzaya Wikipedia su rubuta maƙala a kansa. Kafin gari ya waye an goge. Me ya jawo?

Wikipedia ba ruwanta da yawan mabiyanka a Facebook ko TikTok. Tambayarta ɗaya ce: su wa suka yi rubutu a kan shafin? Kafin ka fara, duba abubuwa huɗu:

1. Majiyar ba taka ba ce. Abin da ka wallafa da kanka, ko tallan da ka biya, ba ya shiga lissafi.

2. Majiyar abin dogaro ce, wato kafa mai editoci kamar Aminiya, Daily Trust ko BBC Hausa. Ba dole sai da Turanci ba.

3. Bayanin mai zurfi ne. Ambaton sunan shafin a layi ɗaya bai isa ba.

4. Majiyoyin sun wuce ɗaya. Labari guda da jaridu biyar suka kwafa, ɗaya ake ƙirga shi.

A Wikipedia ta Turanci, maƙalar da ba ta nuna muhimmancin shafi ba ana iya goge ta nan take. Idan akwai saɓani, editoci kan yi muhawara ta kwana 7.

Kuma tun 2014, duk wanda aka biya ya yi rubutu, wajibi ne ya bayyana hakan.

Idan shafinka bai kai ba, ka dakata, ka ci gaba da inganta shi har 'yan jarida su neme ka. Sauri kan haifi nawa.