Ruwan Ɗumi na Wikki

A cikin Jihar Bauci akwai wani babban daji da ake kira Yankari. An keɓe shi domin namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A cikin dajin nan akwai wani marmaro, sunansa Wikki. Ruwansa yana ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, garai-garai, har ana hangen yashin da ke ƙasa. Kowace rana wajen lita miliyan 21 ke fitowa, su gangara su faɗa Kogin Gaji.

Abin mamaki, da ɗuminsa yake fitowa. Ɗumin nan digiri 31 ne, dare da rana, ko da hunturu ko da bazara. Ga dalili. In aka yi ruwan sama, wani yakan nutse can cikin ƙasa. Ita kuwa ƙasa, gwargwadon zurfinta gwargwadon zafinta. Duwatsun da ke can su ɗumama ruwan, sa'an nan ya sami tsaga ya biyo ya fito.

Wikki tana kusa da masaukin baƙi, zuwanta ba wuya. Amma akwai waɗansu maremari da ke can cikin dajin, inda giwaye da ɓakane suke yawo. Don haka ba a yarda baƙo ya shiga ba sai tare da ɗan jagora.

A waɗansu ƙasashe kuma akan sami irin wannan ruwa a lungun duwatsu, nesa da gari, kamar Tafadek a ƙasar Azbin. Babban mutum da tafiya ta kama shi shi kaɗai zuwa irin wannan wuri, wajibi ne ya yi shiri. Da farko ya gaya wa mutanen gida inda za shi da lokacin da zai komo, don in sun ji shiru su bi sawunsa. Ya riƙi gorar ruwan sha da guzuri da sanda da fitila. Ya yi sammako, ya komo tun rana ba ta faɗi ba. Kada ya ratse hanya don neman yanke. In ya rikice ya tambayi mutanen wurin, gama matambayi ba ya ɓata.

In ya isa, kada ya yi tsalle ya faɗa. Ya fara taɓa ruwan da ɗan yatsa, domin wani marmaron zafinsa yana ƙona fata. Kada kuma ya daɗe a ciki, don zafi yakan sa jiri, ga shi ba mai tsamo shi.

Yaro kuwa ba ya zuwa irin wannan wuri shi kaɗai, sai tare da manya.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka keɓe dajin Yankari?
2. Me yake ɗumama ruwan Wikki?
3. Don me matafiyi zai gaya wa mutanen gida inda za shi?