Kwaikwayon Enzayim Yuriyes ta Hanyar Haɗin Ƙarfe: Inda Aka Dace da Inda Aka Gaza

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙoƙarin masana ilimin sinadarai na ƙera ƙananan haɗe-haɗen ƙarfe da za su yi aikin yuriyes, wato enzayim ɗin da ke farfasa yuriya. Ta nuna cewa an iya kwaikwayon siffar cibiyar enzayim ɗin, amma mafi yawan abin da aka ƙera ya bi wata hanya dabam wajen fasa yuriyar, kuma wannan saɓanin ne ya fito da muhimmancin furotin da ke kewaye da ƙarfen.

1.0 Gabatarwa

Manomi ya san yuriya a matsayin farin taki, wanda kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne. Idan aka watsa shi a saman ƙasa, yuriyes ɗin da ƙananan halittun cikin ƙasa ke samarwa yakan farfasa shi zuwa amoniya da iskar kabon dayoksaid, sai wani ɓangare na amoniyar ya bi iska, musamman lokacin zafi. Dalili ke nan da malaman gona ke cewa a turbuɗe takin. Da wannan enzayim ɗin ne kuma ƙwayar cutar Helicobacter pylori ke kashe kaifin ruwan tsamin ciki, ta samu wurin zama har ta haddasa gyambon ciki.

Kalmar "enzayim" aro ce, tana nufin sinadarin jikin halitta, galibi furotin, mai hanzarta sauyawar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. "Haɗin ƙarfe" kuwa ba ya nufin gaurayen ƙarafa irin na maƙera. A nan yana nufin ƙwayar zarra ɗaya ko biyu ta ƙarfe da wani sinadari ya riƙe ta sassa da dama, kuma wannan sinadarin shi za a kira "mariƙi".

2.0 Abin da Ake Son Kwaikwaya

A shekarar 1926 James Sumner na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya tace yuriyes daga wani nau'in wake mai suna Canavalia ensiformis, ya mayar da shi ƙwayoyi masu tsari irin na gishiri, ya tabbatar da cewa furotin ne. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 1946. Sai da aka yi kusan shekara hamsin, a 1975, Burt Zerner da abokan aikinsa a Ostireliya suka gano cewa akwai ƙarfen nikel a cikinsa. A 1995 aka fitar da cikakkiyar siffar yuriyes na ƙwayar Klebsiella aerogenes. An ga ƙwayoyin nikel biyu da tazarar kusan angistirom 3.5 a tsakaninsu (angistirom ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita). Histidin huɗu da aspatet ɗaya na riƙe da su, sannan wani laisin da ya haɗu da kabon dayoksaid ya zama gada a tsakaninsu. Nazarin da ya biyo baya ya nuna gada ta biyu, ta haidiroksaid.

Yuriya sinadari ne mai taurin kai. Idan aka bar shi cikin ruwa mai zafin digiri 38 a ma'aunin Salshiyos, sai bayan kimanin shekara 3.6 rabinsa ke lalacewa. Yuriyes guda kuwa yana fasa dubban ƙwayoyinsa a sakan ɗaya, kuma an ƙiyasta cewa yana ninka saurin aikin aƙalla sau tiriliyan ɗari.

3.0 Haɗe-haɗen da Aka Ƙera

Tunanin masu ƙirar mai sauƙi ne: idan asirin yana ga nikel biyun nan, to a ɗinka mariƙin da zai ajiye su kusa da juna, a ga ko za su yi aikin ba tare da sauran furotin ba. Stephen Lippard da Amy Barrios na cibiyar MIT a Amurka sun yi amfani da mariƙi mai tushen fitalazin, suka wallafa sakamakonsu a 2000. Franc Meyer a Jamus ya gina nasa a kan firazolet, inda tsawon hannuwan mariƙin ke ba da damar matso da ƙarafan ko nesanta su. A dukkan ayyukan biyu yuriya ya kama nikel kamar yadda aka zata, kuma da aka ɗumama haɗin ya saki amoniya.

Matsalar tana ga abin da ya saura. Hanyoyin fasa yuriya biyu ne. A ta farko, haidiroksaid ke kai wa kabon ɗin yuriya farmaki, a samu amoniya da kabamet, kabamet ɗin kuma ya warware da kansa. Wannan ita ce hanyar da aka yi ittifaƙi enzayim ɗin na bi. A ta biyu, yuriya ne ke yar da amoniya ya koma sayanet, kamar yadda yake yi a hankali cikin ruwa ko babu enzayim. Haɗe-haɗen nikel ɗin sun bi ta biyu, kuma sau da yawa sayanet ɗin kan maƙale tsakanin ƙarafan ya toshe wurin, aiki ya tsaya bayan zagaye ɗaya. Abin da ba ya maimaita aiki bai cancanci sunan mai kwaikwayon enzayim ba sai da sassauci. Wasu haɗe-haɗen faladiyom da Nenad Kostić ya nazarta a Amurka sun iya maimaitawa, sai dai faladiyom ba shi ne ƙarfen yuriyes ba, kuma saurinsu bai kama ƙafar na enzayim ɗin ba.

Wannan sakamako ya sa aka yi tambaya mai ma'ana: ko shi ma yuriyes ta sayanet yake bi, ba a lura ba ne kawai? Ba a ga sayanet cikin abin da enzayim ɗin ke fitarwa ba, don haka ra'ayin bai samu rinjaye ba.

4.0 Abin da Ƙirar ta Rasa

A saman cibiyar yuriyes akwai wani reshen furotin mai motsi kamar murfi. Yana buɗewa yuriya ya shiga, ya rufe, ya kawo wani histidin kusa da wurin aiki, sannan ya sake buɗewa abin da aka fasa ya fita. Ƙaramin haɗin ƙarfe ba shi da murfi, ba shi kuma da sassan da ke daidaita zaman yuriya ta yadda kabon ɗinsa zai fuskanci haidiroksaid. A 2019 Stefano Ciurli da abokan aikinsa na Jami'ar Bolonya a Italiya sun sa fulorayid ya maye gurbin haidiroksaid ɗin gada a yuriyes na ƙwayar Sporosarcina pasteurii, aikin enzayim ɗin ya tsaya, suka samu hoton yuriya a cikinsa: oksijin ɗinsa na riƙe da nikel ɗaya, naitirojin ɗaya na riƙe da ɗayan, murfin kuma a rufe.

Sanin yadda sinadari ke zama tsakanin nikel biyu ya fi amfani wajen hana enzayim ɗin aiki fiye da wajen maye gurbinsa. Sinadarin NBPT da ake shafa wa takin yuriya, bayan enzayim ɗin ya gutsure shi, ragowarsa kan zauna a kan nikel biyun ta toshe cibiyar. Haka fasa takin ke jinkirta na wasu kwanaki, har ruwan sama ya samu shigar da shi cikin ƙasa.