Kuɗin Wuta a Gida

Dogon Daji gari ne a ƙasar Tambuwal, cikin Jihar Sakkwato. Kowane gida na garin yana bukatar wuta iri biyu, watau ta girki da ta haske. Yawancin mata da itace ko kara suke girki. Waɗansu suna amfani da gawayi, kaɗan kuma da gas.

A da itace ba shi da wuyar samu, yara kan shiga daji su yiwo. Yanzu gonaki sun ci daji, itace ya yi nisa, sau da yawa sai an saya. A ran 29 ga Mayu, 2023, Gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur. Kuɗin mota ya tashi, kayan da mota ke kawowa kuwa suka bi shi, har da gawayi da gas.

Wutar lantarki ma ba kyauta ba ce. Daga nesa ake jawo ta, daga wurare irin su madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968. A gidan da ke da mita, ita ke ƙidaya wutar da aka sha. Tsohon ƙwan fitila mai wat 100, in ya yi awa 10 a kunne, ya ci awo ɗaya, wanda ake kira yunit. Sabon ƙwai mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka.

Maigida ba shi da ikon rage tsadar kasuwa, amma mutanen gida suna da ikon rage ɓarna. Busasshen ice ya fi ɗanye ci. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa. Murhun da aka kewaye da laka yana tsare zafi, iska ba ta kwashe shi. In an sauke tuwo, sai a kashe bakin wuta a ajiye don gobe. Yaro mai hankali kuma ba ya fita ya bar fitila ko fanka a kunne.

Kuɗin da wuta ta ci a banza, daga na hatsi da na littattafan makaranta aka cire shi. Kula da kaya ya fi ban cigiya.