Kafin a Yi wa Kwamfutarka Fomatin, Duba Fayilolin Sautinka

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi hawa kansu suke ta tambayata ko su koma Linux Mint ko Ubuntu. Ku koma, babu laifi. Sai dai akwai aikin da ake yi tun tsohuwar manhajar na raye, kuma yawanci sai mai gyara ya gama goge komai ake tunawa da shi.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya zo mini hankali a tashe. Tafsirin azumi na marigayi mahaifinsa, wanda aka ɗauka a kaset, aka mayar CD, shi kuma ya kwafe cikin kwamfuta da Windows Media Player shekaru da dama da suka wuce, ya ƙi buɗewa a sabon tsari. Fayilolin na nan, girmansu bai ragu ba, amma ko tari ba ka ji. Dalilin shi ne wannan manhaja tana kwafe CD a nau'in WMA, kuma tsofaffin samfuranta na da zaɓin kulle abin da aka kwafa. Makullin a cikin Windows ɗin yake zaune. Ranar da aka yi fomatin, ranar ya tafi. Allah ya taimake shi, faya-fayan na nan a akwatin mahaifiyarsa, muka sake kwafewa.

To kai Malam, kada ka dogara da irin wannan sa'a. Danna maɓallin dama a kan fayil ɗin WMA, ka shiga Properties, sannan Details, ka nemi layin Protected. In ka ga Yes, a kulle yake, kuma ko VLC mai buɗe kusan komai ba za ta iya da shi ba. In kana da CD na asali, sake kwafewa a MP3 ko FLAC. In babu, muddin yana kunnuwa a tsohuwar kwamfutar, gwada buga shi a CD na sauti ka sake kwafowa, ko ka kunna shi manhajar Audacity na ɗauka. Aiki ne mai cin lokaci, awa guda ta karatu awa guda za ta ci, amma muryar mahaifi ta cancanci haka.

WMA da ba a kulle ba kuwa, VLC na kunna shi a Linux lafiya lau. Haka AMR na tsofaffin wayoyin Nokia da Opus na saƙon muryar WhatsApp. Ban ga dalilin juya su duka ba, sai wanda kake son saurara a mota ko a ƙaramar rediyo mai cin filashi. Shi wannan, manhajar fre:ac kyauta ce, tana juya ɗaruruwa a zama ɗaya zuwa MP3. Ma'aunin ingancin MP3 na 128 ya wadatar wa magana, waƙa kuma a ba ta 192 ko sama. Ka sani fa, juya WMA zuwa MP3 kamar ɗaukar hoton takarda ne daga wadda ita ma kwafi ce, kowane zagaye sai an yi asarar wani abu. Saboda haka ka juya sau ɗaya, daga na asali, kuma kada ka goge na asalin.

A ɓangaren takardu, na Word da Excel LibreOffice na buɗe su, ko da shafi zai ɗan goce. Masu shagon buga katin biki da kalanda su ne abin ji, domin CorelDRAW ba ta da samfurin Linux. Ku fitar da kowane aiki a PDF da SVG tun yanzu. Fayilolin Publisher ma a mayar da su PDF, don ita kanta Microsoft ta sanar da yi mata ritaya a Oktoban 2026.

Abin da ya fi damuna shi ne rubutun Hausa da aka buga da tsofaffin salon haruffa na kafin Unicode. A cikinsu an ɗora ƙ da ɗ da ɓ ne a gurbin wasu alamomi, don haka da zarar babu wannan salon a kwamfuta, sai ka ga baka da sandar lissafi a tsakiyar kalma. Marubuta da masu kundin digiri, ku kwafi fayil ɗin salon haruffan ku tafi da shi, ku ajiye PDF na kowane aiki, sannan ku musanya alamomin da haruffan Unicode ɗaya bayan ɗaya.

Ma'ajiyar da za ka kwashe kayan a ciki ta kasance a tsarin exFAT, wanda Windows da Mac da Linux duk suke karantawa su rubuta. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. In kuma an kulle faifan da BitLocker, rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda.

Daga nan sai gwaji. Linux Mint na tashi daga filashi ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. Tashe ta haka, ka jona ma'ajiyar, ka buɗe fayil biyu ko uku daga kowane nau'i, ka saurara da kunnenka. Wanda ya ƙi, ka koma Windows ka juya shi, sannan ka kai kwamfutar wurin mai gyara.