Matiris: Lissafin Jera Lambobi

Ran da na fara gwajin koyarwa a wata makaranta kusa da Gubi, darasin matiris aka ba ni. Na cika allo da lambobi cikin baka, na yi ta bayani har aka kaɗa ƙararrawa. Da na duba littattafan yara, sai na ga ban da kwafa ba abin da suka yi. Laifin kuwa nawa ne, domin na ba su doka ban nuna musu amfaninta ba. Ga yadda na sake shirya darasin, ko zai taimaki wani.

Matiris ba wani abu ba ne illa lambobi da aka jera layi-layi, kowace da mazauninta. Akwai layin kwance, akwai na tsaye. Mu ɗauki misali da wa da ƙane masu noman rani a gefen madatsar ruwa ta Gubi, wadda ke shayar da garin Bauci. Ran Litinin suka kai kaya kasuwar Muda Lawal. Layin kwance na fari na wan ne, na biyu na ƙanen. Layukan tsaye kuwa su ne kwandon tumatir, da buhun albasa, da buhun tattasai:

( 4  2  1 )
( 3  1  5 )

Wannan shi a ke kira matiris mai 2 da 3, watau layin kwance biyu, na tsaye uku. Kullum da na kwance a ke fara ƙirga. Ran Alhamis suka koma da wannan:

( 2  3  0 )
( 1  2  2 )

Kada a raina sifirin nan. Shi ya ke tsare mazaunin tattasan da wan bai kawo ba. Tarawa ba ta da wuya, kowace lamba da takwararta a ke haɗa ta, tumatir da tumatir, albasa da albasa:

( 6  5  1 )
( 4  3  7 )

Don haka ba a tara matiris biyu sai girmansu ɗaya ne.

To, wurin ninkawa nan yara su ke tuntuɓe. A ce kwandon tumatir naira dubu 10 ne, albasa dubu 30, tattasai dubu 20. Sai mu jera 10, 30, 20 a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Sa'an nan mu ɗauki layin wan, mu ninka lamba ta fari da kuɗi na fari, ta biyu da na biyu, ta uku da na uku, mu tara: 60 da 150 da 20, ya zama dubu 230. Na ƙanen kuwa 40 da 90 da 140, dubu 270 ke nan. Dokar ke nan duka, layin kwance ya bi na tsaye. Dole yawan kaya ya yi daidai da yawan kuɗaɗen, in ba haka ba ninkawa ba ta yiwuwa.

Da gangan na sauya wa 10 da 20 mazauni a allo, na ce su sake lissafi. Wan ya tashi da dubu 280, ƙanen da dubu 240. Wata yarinya ta ce, "Malam, ai an cuci ƙaramin, dubu 30 ɗinsa ta tafi!" Daga ranar ban sake jan kunnen kowa a kan mazaunin lamba ba.

Yara za su tambaya, wa ya ƙago wannan? Mutanen Sin sun yi shekara wajen 2,000 suna jera 'yan sanduna layi-layi don warware lissafi. Sunan matiris kuwa wani Baturen Ingila, James Sylvester, ya raɗa shi a 1850, abokinsa Arthur Cayley ya tsara dokokinsa a 1858. Mu ma ba baƙi ba ne. Hatimin da malamanmu ke zanawa gida-gida jerin lambobi ne, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda a ke shirya irinsa, har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Yau kuma hoton da ke cikin wayar hannu, kwamfuta a matsayin irin wannan jeri ta ke ajiye shi.

Shawarata ga wanda za a tura aji ita ce, ya fara da kasuwa kafin ya zo ga doka. Ga aiki kuma: in albasa ta faɗi zuwa dubu 25, nawa kowane zai samu? Wanda ya gane ya aiko wa Edita. Allah ya ba mu sa'a, amin.