Lokacin Kaka da Renon Ƙananan Yara: Nazari Daga Khaddamari

Littattafan hotuna da yawa da ake saya wa makarantun nazare a Maiduguri suna koya wa yaro cewa shekara ta kasu kashi huɗu. A wani shafi dusar ƙanƙara ce ta rufe gidaje, a wani kuma ganyen itatuwa ne ya koma ja yana zuba ƙasa. Ɗan shekara huɗu yakan haddace sunayen nan da Turanci, ya rera su a gaban iyayensa, su kuwa su yi ta murna. Amma bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu da idonsa ba. A daidai sa'ad da ake nuna masa jan ganyen Ingila, a bayan katangar makaranta amalanke ne yake wucewa da dammunan gero, mata suna shanya gyaɗa, iska kuma ta fara juyawa. Wannan ita ce kaka. A cikinta akwai kayan koyarwa da suka fi na littafin nan yawa, ba a kuwa sayen su da ko kwabo.

Khaddamari, hedkwatar ƙaramar hukumar Jere a Jihar Borno, wuri ne da ya dace a yi wannan nazari a kansa, gama rayuwar yankin tana tafiya ne bisa ga lokatan noma. Kogin Ngadda yana ratsa Maiduguri ya baje ruwansa a fadamar Jere, wadda ta yi suna wajen noman shinkafa. Ruwan sama yakan sauka daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Gero ne yake fara nuna, wake da gyaɗa su biyo baya, dawa da shinkafa kuwa sai wajen Nuwamba zuwa Disamba. Daga nan hunturu ya shigo da ƙurarsa, rani ya bi, bazara ta rufe shekara da zafinta. Iyalan da suke zaune a unguwannin Jere da ke manne da birni, kamar Mairi da Mashamari, ko ba su da gona, suna ganin kaka a kasuwa da kuma cikin tukunya.

Tunanin koyar da ƙananan yara ta wurin abin da ƙasa take bayarwa ba sabo ba ne. Friedrich Froebel, malamin nan na Jamus, a shekara ta 1840 ya raɗa wa makarantarsa sunan da ma'anarsa ita ce lambun yara, ya kuma ba yaran ƙananan fuloti su yi shuka da hannunsu. Abin da ya iso mana daga baya sau da yawa hoton lambun ne kawai, ba lambun ba.

Jarirai

Jariri yana koyo ne da fata, da kunne, da baki. A lokacin kaka uwa tana fita tun asuba, jaririn kuwa ko dai ya wuni a goye, ko a bar shi wurin mai reno. Goyo abu ne mai kyau, yana ba ɗa kwanciyar rai. Duk da haka, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a riƙe ƙaramin yaro a ɗaure wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ta kuma lissafa goyo a ciki. Ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba yana bukatar aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki, idonsa biyu, a rarraba cikin wuni. Tabarma mai tsabta a inuwar darbejiya ta isa wannan aiki. Mai reno ta ajiye masa ƙwarya mai santsi, da totuwar masara da aka wanke mai kaushi, da busasshen duma wanda 'ya'yansa suke kaɗawa a ciki. Zai miƙa hannu, ya taɓa, ya girgiza, ya saurara. Ita kuwa ta riƙa faɗa masa sunan kowane abu da harshen gidansu, ko Hausa ne, ko Kanuri, ko Bura, ko Margi. Kada ta ce ai bai san magana ba tukuna. Tun kafin ya furta kalma ɗaya yake tara kalmomi.

Ƙa'ida guda ce ba ta da sassauci a nan: duk abin da zai iya shigewa bakin yaro gaba ɗaya, ba abin wasan jariri ba ne.

Masu koyon tafiya

Daga shekara ɗaya zuwa uku, yaro ba ya son kome kamar cikawa da juyewa. Tulin yashi, da ƙananan ƙore, da ludayi, za su riƙe shi tsawon safiya. Ana iya ba shi ƙaramin faifai da busassun ganye ya kwaikwayi shiƙa, ko ƙaramin turmi da taɓarya marar nauyi ya kwaikwayi daka. Manya sukan yi dariya su wuce, amma a cikin wannan kwaikwayo ne hannu da ido suke koyon aiki tare, abin da zai bukata ranar da za a ba shi fensir. Idan za a yi lissafi, a yi shi da goriba ko totuwar masara, ba da ƙwayar wake ba. Ma'aikatan asibiti sun san yadda wake yake shiga hancin yaro ko kunnensa, ya sha danshi, ya kumbura. Gyaɗa kuwa, wadda ta cika ko'ina a wannan lokaci, ba a ba ɗan ƙasa da shekara biyar ita ƙwaya-ƙwaya, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi. A niƙa ta, a dama masa a kunu.

'Yan shekara uku zuwa biyar

A nan ne kaka take buɗe taskarta. Karan dawa shi ne babban kayan aiki. Iyaye da yawa da suke karanta wannan mujalla sun yi motar kara da tabarau na kara tun suna yara, sun kuma san cewa ɓawon yana da kaifi kamar reza. Saboda haka malama ce za ta feƙe ɓawon, ta yanka totuwar gunduwa-gunduwa, yara su yi aikin haɗawa. Wanda ya haɗa gado mai ƙafa huɗu ya riga ya ƙirga huɗu, ya auna tsawo, ya kuma gane dalilin da ya sa gadon yake karkata idan ƙafa ɗaya ta gaza. Wanda aka ba shi motar roba daga kanti bai koyi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai darasin itatuwa kuma, wanda ya fi na littafin Turawa ban mamaki. Da ruwa ya ɗauke, kuka takan zubar da ganyenta ta tsaya tsirara har bazara. Gawo kuwa akasin haka yake yi: cikin damina ba shi da ganye, sai da kaka yake tohowa ya yi kore shar, awaki su sami abinci a lokacin da ciyawa ta bushe. Idan akwai itatuwan nan biyu kusa da makaranta, a kai yara su dube su sau ɗaya kowane mako, su faɗi abin da ya canza. Yaron da ya tambaya, "Anti, me ya sa gawo ba ya yin irin na sauran?" ya kama hanyar ilimi, ko da malamar ba ta da amsa a ranar.

Zoborodo ma yana nuna a wannan lokaci. Idan aka jiƙa shi, ruwan ya isa fenti: yara su tsoma totuwar masara su mirgina a kan takarda ko tsohon kwali, su ga zanen da take bari. Malama za ta iya raba ruwan a kofi biyu, ta matsa lemun tsami a ɗaya, ta sa ɗan ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu mai kore-kore. Kanwar ta tsaya a hannun malama. Haka kuma kowane yaro zai iya shuka wake biyu a gwangwanin madara da aka dasashe bakinsa. Cikin kwana huɗu ko biyar za su tsiro, yaron kuwa ya sami abin da yake jiran ruwa daga hannunsa kowace safiya. A tabbata waken ba wanda aka zuba wa maganin ƙwari domin ajiya ba ne, ba kuma irin shuka mai jan gari a jikinsa ba. Dukansu guba ne.

Cikin majami'u da yawa ana yin sujadar godiyar kaka a ƙarshen shekara. Sau da dama akan danƙa wa ƙananan yara ambulan su kai gaba ba tare da sun san abin da yake ciki ba. Yaron da ya riƙe zangarniyar dawa a aji, ya ga yadda ake sussuka ta, zai fi gane abin da ake godiya a kansa idan ita ce aka ba shi ya kai.

Abin da ya bambanta Jere

Littattafan malamai na ƙasashen waje sukan ce a fita da yara daji su tsinto duk abin da ya burge su. Wannan shawara ba ta dace da Borno ba, dole ne kuwa a faɗi haka a fili. Rikicin da ya fara a 2009 ya bar abubuwan fashewa a gonaki da gefen hanyoyi, yara kuwa su ne suka fi saurin ɗaukar ƙarfe mai sheƙi. Darasin da za a maimaita musu, har ya zama waƙa a bakinsu, shi ne: abin da ba ka sani ba kada ka taɓa, ka ja da baya, ka gaya wa babba. Ba a koya wa yaro tsintuwa ranar Litinin a hana shi ranar Talata. Manya ne za su kawo kara da zangarniya da ganye cikin harabar makaranta, su karkaɗe su sosai kafin yara su iso, gama kunama da kububuwa suna son tarin kara, sarar maciji kuwa takan yawaita lokacin girbi.

Zancen kai yara gonaki masu nisa bai taso ba. A ranar 28 ga Nuwamba, 2020, aka kashe manoman Zabarmari, maƙwabtan Khaddamari, suna cikin yankan shinkafa a Koshebe. Washegari aka binne mutum 43. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da Jere, ya cinye gidaje da gonaki gab da girbi. Cikin kowane aji a wannan yanki ana iya samun yaron da kalmar gona ko ruwa take tayar masa da hankali. Idan yaro ya ƙi shiga wasan girbi, kada a tilasta masa, kada kuma a kira shi mai taurin kai. A bar shi kusa da malama yana kallo, zai matso da kansa ranar da ya shirya.

Duk wannan yana bukatar idanu masu yawa. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya ga 'yan nazare 25. Inda aji ya wuce haka, a raba yara kashi-kashi, a kuma roƙi kakanni mata su zo su zauna na awa ɗaya. Su ne ma suka fi kowa sanin tatsuniya.

Lafiya da abinci

Kaka lokacin ƙoshi ce, amma a farkonta zazzaɓin cizon sauro yana kan ganiyarsa, domin ruwa yana nan kwance a fadama. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, ana kuwa yin haka a Borno. Maganin na kwana uku ne: ma'aikaci yana bayar da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyun da suka rage. Zagayen ƙarshe yakan faɗo daidai lokacin da hankalin kowa yake gona, a nan ne kuwa ake mantuwa. Mai reno da ta tambayi uwa da yamma ko an ba yaro na yau, ta yi aiki babba.

Yaran da suka rame cikin watannin yunwa na damina, yanzu ne za su farfaɗo idan an lura da su. Garin kunun da ake kira Tom Brown ya yaɗu a Borno: mudu shida na gero ko dawa ko masara, mudu uku na waken soya, mudu ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a niƙa tare. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, domin tana ɗauke da dafin da yake lalata hanta, soyawa kuwa ba ta kashe shi. Jaririn da bai cika wata shida ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Idan aka auna damtsen yaro da igiyar awo ta faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti za a nufa ranar nan, ba kunu za a ƙara ba.

Wajen tsakiyar Nuwamba sanyin safe yakan fara, leɓunan yara su tsage, tari ya yawaita. Sai a jinkirta wasan waje har rana ta ɗaga, a shafa musu mai, a nisanta su da wurin sussuka saboda ƙaiƙayi, da kuma wutar jin ɗumi. Kafin lokacin ya kamata makaranta ta riga ta tara kayanta. Kara ba ya daɗewa a gona: masu dabbobi da masu danga suna saye, abin da ya rage shanu su cinye. Dami biyu na kara, da buhun totuwar masara, da 'yan ƙore, idan aka ɗora su a kan rumfa inda gara ba za ta kai ba, za su ishi aji ɗaya har bazara.