Kwalli da Gubar Dalma

Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwallin gargajiya, wanda masana ke kira galena, haɗin dalma ne da farar wuta. Dalma ta ɗara kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa.

A shekarar 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma a jinin wani jariri da ake sa wa kwallin da aka sayo a Nijeriya. Gubar kan shiga jiki idan yaro ya murza ido, sannan ya tsotsi yatsa, kuma takan daƙile bunƙasar ƙwaƙwalwa.

Gwajin shafawa a fata ba ya tona wannan guba, sai awo a ɗakin binciken kimiyya. Saboda haka, ya kyautu iyaye su daina sa wa jarirai kwallin dutse.